Layin Waya a Cikin Mota: Daga 1946 Zuwa Rufe 3G

A cikin mota aka haifi wayar tafi-da-gidanka, tun kafin ta san aljihu. Ranar 17 ga Yuni, 1946, a birnin St. Louis na jihar Missouri ta Amurka, kamfanin Bell ya buɗe hidimar waya ta farko ga masu motoci. Kayan aikin sun kai nauyin kilo 36, galibinsu a but ake girke su, sannan a ja waya ta ƙarƙashin kujeru zuwa gaban direba inda kan wayar yake rataye. Mai kira ba ya buga lamba da kansa. Sai ya ɗaga kan wayar, ma'aikaciyar ofishin waya ta amsa, ya faɗa mata lambar da yake so, ta haɗa shi. In zai yi magana ya danna maɓalli, in zai saurara ya saki, kamar oba-obar 'yan sanda. Kuɗin wata dala 15 ne, ban da na kowane kira. Na'urar tana da cin wuta ƙwarai, domin da kwalaben lantarki irin na tsohuwar rediyo take aiki, wanda duk ya daɗe yana hira inji a kashe yana iya tarar da batirinsa ya kwanta.

Babbar matsalar wannan tsari ita ce ƙarancin tashoshin magana. Doguwar hasumiya ɗaya ce ke ɗauke da gari guda, kowace tasha kuma kira ɗaya take ɗauka a lokaci guda. A 1976 tashoshi 12 kacal ke akwai a New York, masu layi ba su kai 600 ba, sama da mutum 3,000 suna jiran layi ya zo kansu. Maganin abin kuwa an daɗe da rubuta shi. Tun a 1947 wani injiniya a ɗakin binciken Bell, Douglas Ring, ya ba da shawarar a yanyanka gari zuwa ƙananan yankuna kamar saƙar zuma, kowane yanki da ƙaramar hasumiyarsa mai gajeren zango. Ta haka za a iya maimaita tasha ɗaya a unguwanni da yawa, mota tana tafiya wannan hasumiya tana miƙa ta ga waccan ba tare da magana ta yanke ba. Sai da kwamfuta ta yi ƙarfin iya wannan miƙe-miƙe kafin tunanin ya tabbata: a Tokyo a 1979, a ƙasashen arewacin Turai a 1981, sannan a Chicago a watan Oktoba na 1983, da tsarin da ake kira AMPS. Wannan shi ne zubin farko, na analog, wanda daga baya aka laƙaba wa 1G.

A duk waɗannan shekaru waya baƙuwa ce a mota. Mai mota ke sayen ta daban, mai wayarin ya huda rufi ko ya manna eriya a gilashin baya, ya ɗaure kan wayar kusa da giya. Ba ruwanta da inji, ba ruwanta da ƙofofi. In kamfanin waya ya sauya tsari, a kwance ta a ajiye, mota ba ta rasa komai ba. Haka aka yi a Jamus sa'ad da aka rufe tsohon layin C-Netz a ƙarshen shekarar 2000. Zuwa lokacin wayar hannu ta GSM, wato 2G, wadda aka fara a Finlan a 1991, ta riga ta cika aljihun mutane, masu tsofaffin wayoyin mota suka haƙura da su ba tare da wata babbar asara ba.

A 1996 ne baƙuwar ta zama 'yar gida. A wannan shekara Ford ya sa wa Lincoln Continental wata na'ura mai suna RESCU da ya haɗa tare da Motorola. General Motors kuma, wato GM, ya gabatar da OnStar a baje kolin motoci na Chicago, da haɗin gwiwar kamfanonin EDS da Hughes, ya fara saka shi a Cadillac iri uku, DeVille da Seville da Eldorado, samfurin 1997. Abin da ya raba wannan da wayoyin baya shi ne an ɗaure abubuwa huɗu wuri ɗaya: layin salula, da na'urar GPS mai karɓar saƙon tauraron ɗan'adam don sanin inda mota take, da ƙwaƙwalwar motar kanta, da wata cibiya inda ma'aikata ke zaune dare da rana suna amsa kira.

Amfanin wannan ɗauri ya fi fitowa a daren haɗari. Mota ta saki hanya a bayan gari ta faɗa kwazazzabo, jakar iska ta fashe a fuskar direba, ya suma. Fashewar jakar ce ke tayar da akwatin sadarwa. Akwatin ya buga wa cibiya da kansa, ya aika da lambar motar da wurin da take. Jim kaɗan murya ta fito daga lasifika tana tambaya ko akwai wanda ya ji rauni. In ba a amsa ba, ma'aikacin ya kira 'yan agajin gaggawa mafi kusa, ya yi musu kwatance. Likitocin haɗari sun san cewa mintocin farko bayan rauni su ne ke raba mai rai da gawa, musamman in jini na zuba, kuma a hanyar daji mota tana iya kwana a rami ba wanda ya gani. Wannan aiki shi kaɗai ya isa a lissafa akwatin a sahun bel da birki, a kuma yi masa irin tanadin da ake yi musu, abin da ba a yi ba.

Sauran hidimomin sun biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kulle makullinsa a ciki yana iya kiran cibiya a buɗe masa ƙofa daga nesa. Motar da aka sace ana bin sawunta, daga samfurin 2009 ma cibiya tana iya rage mata gudu idan 'yan sanda suka tabbatar suna ganin ta. Maɓallan suka koma jikin madubin ciki, shuɗi na neman taimako, ja na gaggawa. Akwatin analog ɗin yana da ƙarfin wat 3, yayin da wayar hannu ta zamanin ba ta wuce wat 0.6 ba, saboda haka yana kamo hasumiya a wuraren da wayar aljihu ta daina gani. A watan Mayu na 2000 gwamnatin Bill Clinton ta cire dishi-dishin da sojojin Amurka ke sa wa saƙon GPS na farar hula da gangan, kuskuren kwatance ya sauko daga kusan mita 100 zuwa abin da bai wuce mita 20 ba. Mercedes da BMW suka fito da nasu irin na OnStar a ƙarshen shekarun 1990, Volvo a 2001, Toyota kuma da G-Book a Japan a 2002.

Duk wannan gini a kan filin aro aka yi shi. Zangunan iska da waya ke bi suna da iyaka, kamar fadama suke, kowa na so amma ba ta faɗaɗa. Gwamnati ce ke ba da lasisinsu, kamfanonin waya su biya kuɗi masu yawa, don haka ba sa son barin tsohon iri a wurin da sabo zai fi yabanya. Kiran analog ɗaya yana cinye tashar da tsarin dijital zai zuba kira da yawa a cikinta. A 2002 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta yanke cewa daga 18 ga Fabrairu, 2008, babu tilas a kan kowane kamfani ya ci gaba da riƙe layin analog. OnStar ya rufe nasa tun 1 ga Janairu na 2008.

Motocin suka kasu uku. Sababbi, masu akwatin da ke jin analog da dijital duka, ba abin da ya same su. Wasu na tsakiya an ƙera su da wayarin ɗin da zai karɓi sabon akwati, aka ce masu su su je wurin dila a sauya musu a kan dala 15, muddin sun biya kuɗin hidimar shekara guda. Kashi na uku, galibin motocin 2002 zuwa baya, ba su da magani ko kaɗan, maɓallansu suka mutu a dare ɗaya. Ɗaruruwan dubban mutane abin ya shafa, har da masu motocin Acura da Audi da Subaru da Volkswagen waɗanda su ma OnStar suke amfani da shi. Aka shigar da ƙararraki, aka tattara su a wata kotun tarayya a jihar Michigan. Ƙorafin masu ƙara shi ne an ci gaba da sayar da motoci masu tsohon akwati bayan hukuncin 2002 ba tare da an gaya wa masu saye cewa kwanan akwatin ƙidayayye ne ba. Yawancin waɗannan motoci ba su wuce shekara 5 zuwa 8 ba, injinsu garau.

Ford ya ɗauki wata hanya dabam a 2007 da tsarin Sync, wanda ya haɗa da Microsoft. Maimakon a binne layi a cikin mota, sai motar ta ari wayar direba ta bulutut, daga baya aka ƙara mata dabarar buga lambar gaggawa ta 911 da wannan waya idan jakar iska ta fashe. Wannan hanya ba ta tsoron sauyin zamani, domin mutane na sauya waya duk bayan 'yan shekaru, motar tana cin moriyar sabuwar. Rauninta a fili yake: wayar na iya zama a kashe, ko a manta da ita a gida, ko haɗarin ya tarwatsa ta, kuma motar da ke ajiye ba kowa a ciki ba ta da bakin magana. CarPlay na Apple a 2014 da Android Auto a 2015 duk daga wannan reshe suka fito. Amma masu ƙera motoci sun fi karkata ga layin da ke cikin motar, saboda shi ne ke kawo kuɗin wata-wata, shi ne kuma ke ba su labarin yadda ake tuƙa motocinsu. Wannan labari ya zama abin rigima a 2024, lokacin da jaridar New York Times ta bayyana cewa bayanan tuƙin masu motocin GM suna isa ga dillalan bayanai da ke hulɗa da kamfanonin inshora, har hukumar kare masu saye ta FTC ta shiga maganar a farkon 2025.

Tesla ne ya sauya ma'anar layin. Model S da ya fito a 2012 yana ɗauke da allo mai inci 17 da modem na 3G, na'urar da ke haɗa motar da hasumiya, a kan layin AT&T, kuma ta wannan layi kamfanin ke turo wa motar sabuwar manhaja tana ajiye a gida. A ƙarshen 2013, bayan wasu motoci sun kama da wuta saboda ƙarafan da ke yashe a titi sun huda batirinsu ta ƙasa, aka turo gyaran da ya hana motar yin ƙasa sosai a lokacin gudu. A 2018 mujallar Consumer Reports ta gwada Model 3 ta ce birkinsa ba ya kamawa da wuri. Cikin 'yan kwanaki aka turo gyara ta iska, tazarar tsayawa ta ragu da kusan mita 6, ba bakaniken da ya taɓa motar. GM ma ya bar layin Verizon ya koma AT&T a 2014, ya fara zuba 4G a motocin samfurin 2015, kowace mota ta zama tashar intanet da na'urori bakwai za su iya jona da ita.

Ƙofar da gyara ke shigowa ta nan ɓarna ma ke iya shigowa, kuma St. Louis ce ta sake zama wurin gwaji. A watan Yuli na 2015 mujallar Wired ta buga labarin yadda masana tsaron kwamfuta biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suka shiga wata Jeep Cherokee daga nesa ta layin Sprint, ɗan jarida Andy Greenberg yana tuƙa ta a babbar hanya da gudun kusan kilomita 110 a awa, da saninsa. Suka kunna masa iyakwandishan, suka ƙure rediyo, suka tayar da waifa, daga ƙarshe suka raba inji da giya, motar ta riƙa rage gudu yana taka totur a banza. Fiat Chrysler ya yi wa motoci miliyan 1.4 kiranye. Da yake ba a tanadi hanyar turo gyaran ta iska ba, sai aka riƙa aika wa masu motocin filashi ta gidan waya su soka da kansu, ko su je wurin dila, Sprint kuma ya toshe kafar daga nasa ɓangaren. A farkon 2015 ɗin ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta gano wata kafa a tsarin BMW da za a iya buɗe ƙofofi da ita, a motoci kimanin miliyan 2.2, amma shi BMW ta iska ya toshe tasa.

Karo na biyu na mutuwar layi ya zo ranar 1 ga Janairu, 2017, da AT&T ya kashe 2G. Motocin lantarki na farko ne abin ya fi taɓawa, domin masu su sun saba duba cajin batir ko ɗumama mota tun daga cikin ɗaki ta wayarsu. Nissan ya nemi masu Leaf na 2011 zuwa 2014 su biya dala 199 a sa musu modem na 3G, na 2015 kuma aka sauya musu kyauta. Shekara 5 kawai wannan sabon modem ya yi yana aiki.

Shekarar 2022 ita ce ta babban shara. AT&T ya rufe 3G ranar 22 ga Fabrairu. T-Mobile ya rufe tsohon layin Sprint da ya gada, sannan ya rufe nasa a farkon Yuli. Verizon, wanda ya so rufewa tun ƙarshen 2019 ya yi ta ɗagawa, ya kashe nasa ranar 31 ga Disamba. Kamfanonin ƙararrawar tsaron gidaje sun roƙi FCC ta sa AT&T ya jinkirta, suna kafa hujja da annobar korona da ƙarancin ƙwayoyin lantarki da suka hana su sauya kayan aiki a kan lokaci, amma ranar ba ta motsa ba. Miliyoyin motoci ne a cikin lissafin, wasunsu samfurin 2019.

Martanin masu ƙera motoci ya bambanta ƙwarai, kuma bambancin ya nuna wanda ya yi tanadi da wanda bai yi ba. Wasu motocin suna da modem na 4G tun asali, sai dai bayanai kawai yake ɗauka a kansa, in za a yi kiran murya sai ya sauko 3G. Irin waɗannan manhaja kawai suke bukata da za ta koya musu ɗora murya a kan 4G. GM ya fara turo ta ta iska a watan Oktoba na 2021 ga motocin 2015 zuwa sama. Honda ma ya turo tasa, da sharaɗi mai tsauri: a karɓe ta kafin 22 ga Fabrairu, domin bayan ranar babu hanyar da za ta bi ta iso, sai dai a sauya akwatin a kan kusan dala 900. Subaru ya sauya akwati kyauta ga waɗanda rajistarsu ke aiki. Tesla ya karɓi dala 200 don sa modem na 4G a Model S da aka ƙera kafin Yunin 2015. Toyota kuwa ya sanar cewa hidimar Safety Connect za ta tsaya a tsofaffin motocinsa a farkon Nuwamba na 2022, ba tare da akwatin da zai maye gurbi ba. Motocin GM na 2014 zuwa baya, da ke kan layin Verizon, su ma suka yanke a ƙarshen shekara, aka ba masu su manhajar waya a madadin. A wasu motoci ma abin bai tsaya ga rasa hidima ba. Akwatin ya ci gaba da laluben hasumiyar da babu ita, dare da rana, har ya riƙa shanye batir, mai mota ya wayi gari mota ta ƙi tashi bai san dalili ba.

Tushen matsalar lissafi ne mai sauƙi. Kusan duk shekara 10 ake samun sabon zubin sadarwa: GSM a 1991, 3G a Japan a 2001, 4G a biranen Stockholm da Oslo a Disambar 2009, 5G a 2019. Mota kuwa ana shekara 3 zuwa 5 ana tsara ta kafin ta fito, a yi wasu shekarun ana sayar da samfurin, sannan ta hau titi ta daɗe. A 2022 matsakaicin shekarun motocin da ke yawo a Amurka ya haura 12. Modem ɗin da injiniya ya zaɓa a 2010, lokacin da 4G ke jariri kuma bai kai ƙauyuka ba, shi ne ke cikin motar da aka sayar a 2016, wadda ake sa ran za ta kai 2030 tana tafiya. Zaɓin nasa ba wauta ba ne a lokacinsa, domin 3G ya fi arha, ya fi yaɗuwa, an kuma gwada shi.

Inda aka gaza shi ne wajen ƙera akwatin yadda zai sauyu. Sim ɗinsa liƙaƙƙe ne a jikin faranti, ba a zare shi. Shi kansa akwatin yana can bayan dashbod, ko ƙarƙashin kujera, ko cikin rufi kusa da eriyar nan mai kama da ƙayar bayan kifi, wani lokaci sai an kwance rabin gaban mota kafin hannu ya kai gare shi. An ɗaure shi da lambar jikin motar, yana magana da sauran ƙwaƙwalen da yaren da ya keɓanta da wannan samfuri, eriyarsa kuma an yanka ta ne daidai da zangunan tsohon layi. Sabon akwati sai an gwada shi a zafi da sanyi da girgiza, a tabbatar zai tsira daga haɗari, kamfanin waya da hukuma su amince da shi. Duk wannan kuɗi ne da za a kashe a kan motar da aka riga aka sayar, garantinta ya ƙare, wataƙila ma tana hannun mai ita na uku. Amma Subaru da Tesla sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Batir da taya da fitila duk an ƙera su da sanin cewa za a sauya su, kuma tun daga 2008 babu mai ƙera mota da zai ce bai san modem ma haka yake ba.

Ba modem kaɗai ke riga mota tsufa ba. Kwamfutar allon tsofaffin Model S da Model X tana da ƙaramar ma'ajiya mai gigabait 8, wadda yawan rubutu da gogewa ke cinye ta har allon ya mutu. Da mutuwarsa kyamarar baya ta tafi, haka ma maɓallin share raɓar gilashi da ƙarar sigina. Tesla ya shaida wa hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, cewa shekara 5 zuwa 6 ne tsawon ran da ake sa wa irin wannan ma'ajiya. Hukumar ba ta yarda cewa abin da tsaro ya rataya a kansa zai yi wannan gajeren kwana ba, kuma a Fabrairun 2021 aka yi wa motoci kusan 135,000 kiranye, aka sa musu mai gigabait 64. Tun a 2020 kamfanin ya fara sayar da sabuwar kwamfutar gaba ɗaya ga mai so a kan dala 2,500, daga baya ya rage zuwa 1,500. Wannan na cikin 'yan misalan da mai ƙera mota ya mai da sabunta kayan lantarkin tsohuwar mota sana'a ta yau da kullum.

Da yawa daga motocin wannan zamani sun ƙetare teku, sun sauka a Legas ko Kwatano, sun cika wuraren sayar da motoci a Kano da Kaduna da Maraɗi. Jan maɓallin SOS da ke jikin madubi ko rufinsu ba ya kiran kowa, domin ko da 3G ɗin Amurka na raye, sim ɗin da cibiyar duk na can ne. Abin da ya cike gurbin a nan shi ne tiraka, ƙaramin akwati da mai wayarin ke ɓoyewa a bayan dashbod, da sim na kasuwa a cikinsa, a jona shi da wayar famfon mai. In an sace mota, mai ita ya tura saƙon tes, akwatin ya maido masa da kwatancen inda take, wani saƙon kuma ya yanke mata mai. Masu arha a cikinsu a kan 2G suke, layin da ya shigo Najeriya a Agustan 2001 kuma har yanzu yake aiki. Ba su san fashewar jakar iska ba, ba kuma cibiyar agaji a bayansu, amma duk ranar da aka rufe 2G cikin awa guda za a zare tsoho a sa sabo.

A Turai doka ce ta shigar da layin cikin mota. Tarayyar Turai ta zartar a 2015 cewa duk sabon samfurin mota da aka amince da shi daga 31 ga Maris, 2018, dole ya zo da eCall, wanda ke buga lambar gaggawa ta 112 da kansa bayan haɗari, kyauta, ba rajista. Hukumar Tarayyar ta ƙiyasta cewa zai rage jinkirin isowar agaji da rabi a karkara, da kashi 40 cikin 100 a birane. Rasha ta yi irin wannan da tsarin ERA-GLONASS. Saƙon da eCall ke aikawa ƙarami ne, bai wuce bait 140 ba: wuri, lokaci, inda mota ta dosa, lambar jikinta da irin makamashinta. Amma hanyar aika shi tsohuwa ce. Ana mai da bayanan sauti, kamar kukan na'urar fakis, a tura su a cikin kiran murya, kuma wannan dabara a kan 2G da 3G kawai take aiki. An tsara ta ne shekaru kafin dokar ta fara aiki, zuwa 2018 kuwa 4G ya riga ya mamaye nahiyar.

Jamus ta rufe 3G a 2021, nauyin ya koma kan 2G kaɗai. A Birtaniya gwamnati da kamfanonin waya sun amince a rufe 2G da 3G nan da 2033, amma tun 1 ga Agusta, 2024, Nissan ya dakatar da manhajar wayar masu Leaf da aka ƙera kafin 2016, yana kafa hujja da shirin rufewar. Tarayyar Turai ta gyara dokarta a 2024: daga 1 ga Janairu, 2026, sababbin samfura sai da eCall mai aiki a kan 4G da 5G, daga 1 ga Janairu, 2027 kuma duk sabuwar mota. Gyaran bai tilasta sauya akwatin motocin da ke kan titi ba, alhali matsakaicin shekarun mota a Tarayyar ya haura 12. Deutsche Telekom ya sa ƙarshen Yunin 2028 a matsayin ranar kashe 2G ɗinsa. Motar da aka saya sabuwa a Jamus a 2024 da tsohon eCall za ta kasance da shekara 4 a lokacin, kuma kiran gaggawarta zai koma dogaro ga sauran kamfanonin da ba su kai ga rufe nasu ba.